Wanda Za A Tuntuɓa

Mai Tabarau yana ta ƙara girman rubutun kwamfutarsa, har kowane harafi ya kusa kai babban yatsa, sai matar marigayi Dogo ta yi sallama a ƙofar shagonsa, riƙe da tsohuwar wayar mijinta.

"Yaya, wata ce ta hana marigayi sakat. Na sa wa wayar caji don in duba hotuna, saƙonninta suka yi ta zubowa. Da yana raye, da sai ya yi mini bayani."

Shi da Dogo suka gina manhajar da ƙananan asibitoci ke ƙidayar magani da ita. Kyauta ce, kuma a buɗe take, duk mai iyawa zai iya sa hannu ya gyara. Dogo ke duba gyaran da aka turo, Mai Tabarau ke kula da rubutacciyar jagorar da masu taimakawa ke bi. Bayan rasuwar ya sabunta komai a cikinta, ban da layi ɗaya da hannunsa ya ƙi taɓawa: "Idan ka gama gyara, ko ka maƙale, tuntuɓi Dogo." Ya ce a ransa, wa ma yake karanta jagora?

Ga shi likita ya gaya masa idanun nan tafiya suke yi. Magaji yake nema ido rufe, in ba haka ba manhajar ta bi Dogo.

"Karanta mini, ƙanwata."

Ta karanta. Wata mai harhaɗa magunguna ce, ta bi jagorar daki-daki, ta gyara kuskuren da ya daɗe yana ci masa tuwo a ƙwarya wajen ranar lalacewar magani. Ta tura wa Dogo. Ta jira. Ta sake gaisuwa, ta ba da haƙuri ko ta yi laifi. Saƙon ƙarshe gajere ne: "Na gane ba a buƙatata. Na gode."

Nan take ya kira lambar, ya faɗi gaskiya.

"Allah ya jiƙansa, Baba," in ji ta. "Amma asibitinmu ya koma wata manhajar tuni. Ni ce ma na ba da shawara. Na ɗauka babu kowa a gidan."

Ya ajiye wayar. Ya buɗe jagorar, ya lalubo layin, ya goge sunan abokinsa. Ya ɗora yatsu zai rubuta nasa, sai haruffan suka narke, suka zama hazo.

"Duba mini, me ya rage?"

Matar Dogo ta sunkuya. "Idan ka gama gyara, ko ka maƙale, tuntuɓi... Yaya, ai ba ka sa kowa ba."

"Bar shi haka," ya ce, ya cire tabarau. "Yau dai jagorar ta yi daidai."