Karatu Na Uku

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na bar makaranta, kuma ko gaisuwa a taro sai muryata ta maƙale. Yayata Uloaku ce ta matsa mini.

A ƙauyenmu, kusa da Afikpo, in miji ya mutu sai a ba matarsa ruwan da aka wanke gawarsa ta sha, wai ta nuna ba ita ta kashe shi ba. Mahaifiyarmu ta sha, ba ta ga daminar gaba ba. Sai ga mijin Uloaku kwance da ciwon hanta, danginsa sun fara kallonta a kaikaice.

Ranar da rediyo ta ce Majalisar Wakilai ta amince da dokar hana wannan, rawa muka yi a kasuwa har doyarmu ta zube. Telan bakin kasuwa, Dede Okorie, ya leƙo yana dariya.

"Ku sassauta ƙugu, iyayena. Ɗaki biyu ne a Abuja. Masu koren kujera sun gama, saura dattawa masu ja. Su ma sai sun yi mata karatu uku, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu."

"Uku?" in ji Mama Nwakaego, shugabar matan gari. "Daƙiƙai ne? Jikata sau ɗaya take karanta abu."

"Sun yi biyu. Tana kwance a kwamitin sanatanku."

* * *

Muna da al'ada: namijin da ya cuci mata, matan gari sukan zauna masa. Su cika ƙofarsa da taɓare, su yi ta yi masa waƙar zambo har ya saduda. Sanata ya zo gida cin sabuwar doya, gari na wayewa ya tarar da mu.

Mama Nwakaego ta turo ni gaba. "Ke mai kunya, ai mun ji ki kina waƙa a rafi. Ɗauko mana waƙar."

Na rufe ido na ɗauko. Na ce ga wanda muka tura makarantar Abuja ya kasa wuce aji biyu. Taɓare suka amsa. Direbobinsa ma sai da suka juya baya suna dariya.

Ya fito da zane ɗaure a ƙugu. "Iyayena, ni ɗaya ne cikin mutum ɗari da tara."

"Mu kai muka sani, ɗan Ugonma," in ji Mama. "Ni na riƙe ka ranar da aka yi maka kaciya. In faɗa musu irin kukan da ka yi?"

Bai bari ta faɗa ba.

* * *

Kafin kaka dattawa suka yi karatu na uku, shugaba ya sa hannu. Mijin Uloaku ya cika bayan nan da kaɗan.

Ƙannensa suka zo da ƙwaryar ruwan wankan gawa da reza, don har kai ake aske wa gwauruwa. Suka same mu cike da ƙofar ɗakin. Babbansu ya ce Abuja da nisa. Ni da ban taɓa kallon idonsa ba na ce, "Ofishin 'yan sanda kuwa nan kusa ne." Sai ya tuttular da ruwan a gindin ayaba.

Washegari da safe na zaunar da Uloaku tsakanin ƙafafuna. Tana kuka a hankali, ni kuma ina yi mata kitso da baƙin zare.