Ƙofar da Ta Daina Kuka

Injiniya na tsugune a bakin famfo yana kankare ƙanzon tukunya da sukudireba, don ya nemi soson ƙarfe ya rasa. A gareji aka laƙaba masa sunan, ya biyo shi har gida. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, kuma a makon nan aikin safe da na yamma suka haɗe mata, ga ƙanwarta mai taya ta zama da Baba ta yi tafiya. Shi ne ya bar gareji a hannun abokin aikinsa, yana cewa aikin gida ai ba sauke inji ba ne.

Da za ta fita ta tsaya tana saɓa jaka. "Girki ko ya ƙone ba komai. Baba kawai za ka sa wa ido."

"Ubana ne fa. Ni za a koya wa zama da shi?"

"Allah ya ba ka haƙuri, Injiniya," ta ce, ta wuce.

Tsufa ya taɓa wa Baba tunani. Yakan ci abinci ya ce ba a ba shi ba, in kuwa ya sa ƙafa waje ba ya gane hanyar dawowa.

Kafin hantsi Injiniya ya gane wannan kiwon bai karɓe shi ba. Ya jiƙa fararen kayan makarantar yara tare da jan zane, suka fito kalar da ba ta da suna. Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ɗaure hannun tukunya mai girgiɗi, ya canja wa famfo roba, daga nan idonsa ya faɗa kan ƙofar gida. Ƙofar ƙarfe ce, in an taɓa ta sai ta yi kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Gidan makanike guda, a ce ɗan giris ya gagara. Ya ɗauko gwangwani ya cika mata gaɓoɓi, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa, ko ƙis. Tun safe sai yanzu ya ji ya yi aiki.

Bayan azahar ya ba Baba abinci, ya ga ya kishingiɗa, ya zagaya baya yin shanya. Da ya dawo tabarma ce kawai a shimfiɗe. Babu takalman Baba, ƙofa kuma a wangale.

Ya tambayi mai shago, ya tambayi mai wankin mota, babu wanda ya lura. Ya bi layi har ƙarshe ya dawo, gumi na tsattsafo masa, tsoro ya kama shi sosai. Dole ya kira matarsa a waya.

"Ba ka ji ƙofa ba?" ta tambaya.

"Na sa mata giris."

Yana jiyo ana kiran sunan wani magani a bayanta.

"Injiniya, kukan nan da shi muke sanin Baba ya fita. Mai walda ya sha cewa zai gyara, ina hana shi. Garin neman gira ke nan." Ta sauke numfashi. "Je ka inda bas ke sauke ni. Ba zan iya fitowa ba, akwai mara lafiya a hannuna."

Can kuwa ya same shi, zaune a kan benci kusa da wata mai sayar da lemo, ya sa takalmi a karkace, yana bin kowace bas da kallo.

"Baba, tashi mu tafi gida."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa cikin ladabi. "Sannu, bawan Allah. 'Yata nake jira."

Baba bai taɓa haihuwar mace ba, 'ya'yansa duka maza ne. Injiniya ya kama masa hannu, tsohon ya fizge, har mutanen da ke jiran mota suka fara juyowa.

"Malam, sake shi mana," in ji mai lemo. "Kai wane ne nasa?"

"Ɗansa ne ni."

"Ikon Allah. Ashe yana da ɗa." Ta ci gaba da ferewa. "In ya kuɓuce musu nan yake zuwa. Kuma ba ya tashi sai ita ta riƙe masa hannu, ko motar ɗaukar kaya ka kawo."

Maganar ta yi masa zafi, ga kunya, amma bai ga inda ta yi ƙarya ba. Ya duba agogo, da sauran lokaci mai yawa kafin matarsa ta tashi aiki. Ya kira maƙwabci ya roƙe shi ya rufe gidan, ya tare yara in sun dawo. Sannan ya durƙusa ya gyara wa Baba takalman, tsohon bai hana ba, har ya matsa masa wuri a benci.

"Kai ma wani kake jira?"

"Ita nake jira, Baba."

"Ka san ta ke nan. Yarinyar kirki ce." Tsohon ya rage murya kamar mai gudun a ji. "Mijin ne dai ba a ganinsa."

Injiniya ya ce haka ne, ya gyara zama.