Furen da Garzali Bai Gani Ba

Shukar ta fi Ɗanbaba tsawo, kuma abin da ke ƙona masa rai ke nan. Yana tsaye a barandar gilashi ta gidan maƙwabcinsa Garzali a garin Al Wukair, can ƙasar Larabawa mai tsananin zafi, da buta a hannu, yana harararta kamar ta yi masa rashin kunya.

Shi fa ya kawo irin daga tsibiran Kanari, inda babu zafi babu sanyi, lokacin da aka tura shi taro. Ekiyum ake ce mata. Don kara kawai ya ɗibar wa Garzali 'yan ƙwayoyi. Nasa ya yi ta ɗura musu ruwa safe da yamma kamar alayyafon fadama, suka ruɓe. Garzali kuwa, da ko barkono bai taɓa shukawa ba, tasa ta kama a sanyin na'ura, har ta shiga shekara ta uku. Kowane baƙo sai an kai shi kallo, ba a ko ambaton wanda ya kawo irin.

Da jikin mahaifiyar Garzali ya tsananta a Zariya, sai ya damƙa wa Ɗanbaba mabuɗi, zai tafi jinya.

"Ga amana, Alhaji. Kada ka cika mata ruwa, kada a kashe na'urar sanyi. Ina jin bana za ta yi fure."

Bai kashe ba, ko da yake hannunsa ya sha kaiwa kusa da makunnin. Ya kula da ita tsakani da Allah, da ciwon rai.

Sai ta yi furen. Shuɗi ne, dubbai, cunkus tun daga ƙugunta har rufi. Ɗanbaba ya jawo kujera ya zauna yana kallo. Kullum bayan la'asar nan yake shan shayinsa shi kaɗai, ko matarsa bai gaya wa ba.

"Yaya mutuniyar?" in ji Garzali ta waya.

"Tana nan yadda ka bar ta."

Ko hoto bai ɗauka ba, don kada zuciya ta yi taushi ya tura. Ya ce a ransa in mutumin ya dawo ya gani da idonsa. Abin da ya manta shi ne, irin wannan shuka sau ɗaya take fure, sannan ta mutu. Jinya ta ja, aka yi rasuwa, aka zauna makoki.

Garzali ya dawo a rame, ya tarar da busasshen kara. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dubi makunnin na'urar, ya dubi Ɗanbaba.

Maganar tana bakin Ɗanbaba. Amma in ya ce ta yi fure, me zai ce ya hana shi faɗa wa mai jinyar uwa?

"Ba komai, Alhaji," in ji Garzali a hankali. "Khalas, shi ke nan. Dama ƙasar ba tata ba ce."

Ya miƙo hannu a ba shi mabuɗinsa.