Wa Zai Juya Faifai?

Mu huɗu ne a shagon ɗinkin kawuna: Kawu a teburin yanka, ni da Dogo a kan kekuna, sai Gwaggo mai ɗinka maɓalli a bakin taga. Na biyar ɗinmu tsohon garmaho ne, yana kan ƙaramin tebur kusa da ƙofa.

Ni ke juya faifai. Da allura ta kai ƙarshe sai in miƙe, in goge faifan da ƙyalle, in leƙa titi, in tsokani mai gyaran takalmi, sannan in dawo. Tsalle suke kirana, don ƙafata ba ta san zama ba. Abin da ya raba ni da makaranta ke nan.

Wata safiya Dogo ya shigo da lasifika kamar guntun sabulu, ya haɗa ta da wayarsa.

"Kawu, a sauke wannan akwatin, mu samu wurin guga," in ji shi. "Duk waƙoƙin nan suna cikin waya, tas, ba ƙaraf-ƙaraf."

In garmaho ya tafi, da wane dalili zan tashi daga kan keke?

"Sautin waya busasshe ne," na ce. "Na faifai yana da ɗumi. Kamar mawaƙin yana zaune a nan kan tulin yadi."

"Ɗumi? Shayi ne?" in ji Gwaggo.

Kawu ya ajiye almakashi. "To, mai kunne, a gwada ka. In ka gane faifai ido rufe, garmaho ya zauna."

Aka ɗaure mini ido da ragowar yadi. Waƙa ta tashi sumul, ta tsaya. Ta sake tashi, wannan karon da 'yar ƙara a ƙarƙashinta kamar ana soya ƙwai.

"Wannan ne!" na ce. "Ku ji zurfi! Ku ji yadda ganga ke numfashi!"

Na kwance ido, na tarar da Dogo yana murza leda a bayan lasifika. Na farkon ne faifan. Gwaggo ta yi dariya har maɓallai suka zube daga cinyarta. Aka tura garmaho ƙarƙashin tebur.

Gaskiya waƙar waya ba ta da laifi. Aibinta ɗaya, ba ta ƙarewa. Wata na fita wata na shiga. A da, cikin ɗan shirun nan na juya faifai ne Kawu ke miƙe baya, Dogo ya sha ruwa, Gwaggo ta ba mu labarin rigimar maƙwabtanta. Yanzu kowa ya sunkuya, keke na gudu, waƙa na gudu. Ni kuwa ƙafafuna suka yi ta rawa a ƙasa har na ɗinke bakin aljihun wandon wani direba.

Ba a rufa mako ba, Kawu ya zo ɗagowa daga teburin yanka, bayansa ya ƙi. Ya tsaya a lanƙwashe kamar mai neman allura a ƙasa.

"Dogo, wannan abin naka ba ya gajiya ne?"

"Sai caji ya ƙare, Kawu."

"Ni nawa ya ƙare."

"Ni ma labari ya taru mini a ciki har ya fara tsami," in ji Gwaggo. "Ba a samu inda za a sa baki ba."

Dogo ya shafa wuyansa. Da kansa ya jawo garmahon ya hure ƙura.

Na buɗe baki zan yi maganar ɗumi, Kawu ya ɗaga mini hannu. "Kai dai rufa mana asiri. Kunnenka ba ya jin komai, ƙafarka ce ke son faifai. Kuma daga yau juyi bi da bi ne. Kowa yana da baya."

Wato sau ɗaya cikin huɗu ke nan nake tashi. Amma har yanzu ni ke zaɓen abin da za a sa, kuma a ƙasan kwalin da Kawu ke ajiye faifai na gano ƙananan faifai masu waƙa ɗaya tak a kowane gefe.

"Tsalle, me ya sa kwanan nan waƙa ke saurin ƙarewa?" in ji Kawu jiya.

"Ƙananan sun fi ɗumi, Kawu," na ce, ina miƙewa.