Gawayi a Cikin Albarushi

"Ni fa na faɗa miki, ba cinyata gadun nan ya nufa ba," in ji Mudi. "Wandona ya gani ya yi sha'awa."

"Wane wandon?" Rabi ta ce, tana fifita kunun da ta kawo masa. "Wannan da ko an yar a bakin kasuwa ba mai tsinta?"

"Ke kika raina shi. Shi dai ya yaba, tunda har da fatar ciki ya haɗa."

Ya yi dariya, dariyar ta taɓo ciwon, sai ya cije leɓe ya runtse ido. Rabi ta kau da kai. Mudi ƙanin mijinta ne, abokin wasanta tun ranar da aka kawo ta gidan nan na Dayi. Shi ne ya fara sa ta dariya lokacin tana amarya mai kukan gida. Yau ga shi kwance a tabarma, cinyarsa ta dama naɗe da tsumma, ɗakin duk warin sassaƙen da wanzami ya dafa.

Kwana uku ke nan da abin ya faru. Wani ƙaton gadu ya addabi gonakin dankali na bakin fadama, manoma suka zo suka roƙi mijinta Maitama, don a duk yankin shi kaɗai ne maharbi mai bindiga, sauran duk 'yan kwari da baka ne. Ya tafi da Mudi ya riƙe masa mashi. Ya sami dabbar kusa, ya auna bayan kafaɗa, ya harba. Dalmar ta shiga, amma ba ta yi nisa ba. Gadun ya juyo a fusace, ya bi ta kan Mudi da haure. Maguzawan da suka zo jiran nama su suka ƙarasa shi da masu, su ne kuma suka ɗauko Mudi a kan ƙyauren kara.

"Sha mana, kada ya huce," ta ce.

"Kin sa zuma?"

"Na sa."

"Lallai ciwo ya yi mini rana. Da ƙafata lafiya, ko tsamiya sai na yi roƙo."

Wannan alherin nasa ya fi zagi ciwo. Da ma ya daka mata tsawa, da ta ji sauƙi.

Inuwa ta tare ƙofa. Maitama ne ya sunkuyo ya shigo, riƙe da tsingaro a hannu. Dogo ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu. Ya durƙusa tsakaninsu ya ajiye tsingaron.

"Ku duba nan," ya ce. "Yanzu na sake zuba ɗan albarushin da ya rage a jakata na sa masa garwashi. Na kirki fuu yake yi, ya tashi, ya bar wuri fes. Wannan sai da ya tsaya tari kamar tsoho. Kun ga baƙin da ya bari? Gawayi ne. Shitu ya cuce ni."

Shitu shi ne mai haɗa albarushi a Malumfashi, wurinsa Maitama ke saye tun da ya mallaki bindiga.

"Yaya, a bi a hankali," in ji Mudi. "Dattijo ne."

"Dattijon da ya kusa sa Inna ta binne ɗa? Jiya na faɗa a ƙofar masallaci, kowa ya ji. Gobe kasuwa ke ci. A gaban Sarkin Kasuwa zan kunna wannan abin, jama'a su gani da idonsu. In ya ƙara sayar da ko cikin cokali a ƙasar nan, a canza mini suna."

Rabi ta ɗauki ƙwaryar da ba a gama shanye kunun ciki ba, ta fita. Mudi yana kiranta, "Ke, ɓarauniya, dawo mini da zumata!" Ba ta waiwaya ba.

Bayan rumbu ta je ta tsuguna, ta haɗa kai da gwiwa.

Shekara huɗu ke nan da Maitama ya karɓi bindigar daga hannun wasu fatake da suka fito Nufe. Doguwa ce, ta kusa kai tsawonsa, kuma muguwar mai shuri. Duk harbi sai gindinta ya daki kafaɗarsa kamar jaki ya yi harbi. Yakan dawo da tabo shuɗi, ita ke gasa masa da ruwan zafi, yana cewa ba komai, tana ganin yadda yake kasa ɗaga hannu ya sa riga. Bara da kaka ƙashin ya tsage. Wata biyu yana hannun maɗori. Ita ta riƙa ba shi tuwo a baki, shi da ko zazzaɓi ba ya yarda a gani a fuskarsa. Ranar da ya sake saɓa bindigar ya nufi daji, ta tsaya a ƙofar gida tana ji kamar nata ƙashin za a je a karya.

Aikin ɗuri kuwa nata ne. Maitama ba ya son tsayawa awo a daji, saboda haka ya yanka 'yan guntayen gora ya rarake su, kowanne na ɗaukar harbi ɗaya. Ita ke cika su da albarushi, ta toshe da auduga, ta jera masa a jaka. Shi in ya juye ɗaya a bakin bindiga ya danna da sandar ɗuri, sai ya auna abin da ya rage na sandar a waje da yatsunsa. Yatsa huɗu ne ɗurin gada da barewa. In ta rage ko kaɗan, yatsunsa za su gaya masa.

Shi ya sa ba ta rage ba. Ta daka gawayin murhu, ta tankaɗe shi har ya yi laushi, ta ɗebe albarushi kaɗan ta mayar da gawayi a madadinsa. Baƙi cikin baƙi, wa zai gane?

Ranar farko ya dawo da gada a wuya yana murmushi. Ya ce, "Rabi, maɗorin nan Allah ya yi masa albarka. Yau ko motsi ban ji ba." Ya ɗaga hannun sama ya juya shi don ta gani. Daɗin da ta ji a ranar, ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta ga ta yi wa mijinta abin da maɗori da malamai suka kasa, kuma ba wanda ya sani sai ita da Allah. Wata mai zuwa ta ƙara gawayin. Sau biyu barewa ta gudu masa da jini, ya ce idonsa ne ya fara tsufa. Ta ji, ta yi shiru.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne safiyar gadun. Da bakinsa ya ce mata, "Wannan ba gada ba ce, fatarsa kamar garkuwa take. Yi mini yatsa biyar." Ta zauna da gorar a hannu, ta tuna ƙarar da ya ce ƙashin ya yi ranar da ya tsage. Yatsa huɗu ne suka yi masa wannan, ina ga biyar? Ta cika masa biyar cif, biyu a ciki gawayi ne. Kafaɗar mijinta kawai ta gani. Ko sau ɗaya ba ta tuna akwai wanda zai tsaya a gefensa da mashi ba.

Ta tashi ta share fuska da gefen zane. Rana ta karkata, kaji na tono a gindin turmi. Maitama na zaune a inuwar durumi a tsakar gida, bindigar a kan cinyarsa, yana goge ta da man shanu. Ta je ta durƙusa a gabansa.

"Maigida."

"Na'am. In guzurin gobe ne, fura ta isa. Da sassafe zan fita."

"Kada ka je."

Bai ɗago ba. "Ke ma irin ta Mudi za ki yi mini? Tausayin tsoho?"

"Shitu bai zuba komai ba. Duba tulun da ka sayo, wanda ke rataye a ɗaki. Kunna na cikinsa ka gani. Na cikin gora ne kawai ke da gawayi."

Hannunsa ya tsaya a kan bindigar. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san fuskar.

"Wa ke cika gora?" ya ce a hankali, ko da yake ya sani.

"Ni."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka tashi daga ɗori."

Ta zaci zai yi ihu. Ta ma shirya wa mari, duk da bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Sai ya jingine bindigar a jikin itacen, ya kai hannu ya dafa kafaɗarsa ta dama, ya ɗan murza ta.

"Ashe ban warke ba," ya ce.

Nan hawayen suka ƙwace mata. "Ina ganin tabon, Maigida. Ni nake gasawa. Kana cewa ba komai, ni kuwa na san da komai. Na ji tsoron wata rana a kawo mini kai hannu na lilo."

"Sai aka kawo Mudi."

Ta sunkuyar da kai.

"Bareyin nan biyu," ya ci gaba. "Kwana na yi ina bin jininsu ban same su ba. Sun je sun mutu mushe a wani kurmi, ba yanka, ba bisimilla. Na ɗora wa idona. Har rubutu na sha don ido, Rabi! Me ya hana ki buɗe baki? Gada ai yatsa uku na tsantsar albarushi ya ishe ta, in mutum ya iya saɗaɗa ya matsa kusa, kuma shurinsa kaɗan ne. Na sani tuntuni. Girman kai ne ya hana ni ragewa, kada a ce Maitama ya fara tsoron bindigarsa. Gadu kuwa ba a yi masa rowa. In ba zan iya biyar ba, sai in kafa gwafa in ɗora ta a kai, ko in miƙa wa Mudi ya harba. Duk da hanya. Amma sai in na san abin da ke cikin bindigata."

"Da na ce ka rage, za ka rage?"

Can ya ce, "A'a. Da na ce ki tsaya a kan tukunyarki."

Daga ɗaki suna jin Mudi yana rera wata waƙar noma da muryarsa marar daɗi, yana tsayawa in ciwon ya motsa, yana ci gaba.

Maitama ya sauke murya. "To, ji nan. Ba zan je Malumfashi ba. Maganar ta mutu a gindin itacen nan. In an tambaye ni, in ce damina ce ta taɓa albarushin. Inna ba za ta ji ba, Mudi ba zai ji ba. Kin san Inna. In ta ji ke ce, zaman gidan nan zai gagare ki, ni kuma ba zan iya..." Bai ƙarasa ba. Ya kama yatsunta ya riƙe.

Rabi ta ji son mutumin nan ya cika mata ƙirji har yana mata zafi. Yanzu ya gama jin ta yaudare shi shekara guda, amma tunaninsa ya tafi kan yadda zai rufa mata asiri. Ta so ta ce to. Kalma ɗaya ce, ta faɗe ta ta tashi ta ɗora tuwon dare, gobe ta ci gaba da tsokanar Mudi kamar da.

"Abin da ka faɗa a ƙofar masallaci fa?" ta ce.

"Zai bi iska."

"Ba zai bi ba. Hajo mai koko ta ce mini tun jiya fatake suka tafi da labarin. Kafin kasuwa ta ci gobe, Shitu ya zama mai zuba gawayi a bakin kowa. Wa zai yarda da zancen damina bayan kai da kanka ka ce gawayi? Tsoho ne, wannan sana'ar kaɗai gare shi."

"Sai in ce ni na yi kuskure."

"Kai ba ka yi ba. Kuma Mudi yana can yana gode mini don na sa masa zuma." Ta dubi ƙofar ɗakin Mudi. "Ba zan iya ƙara kai masa ƙwarya ɗaya yana mini wannan dariyar ba. Wallahi ba zan iya ba."

"Rabi, in ya ƙi yafewa fa? Wanzami ya ce mai yiwuwa ya riƙa ɗingishi har ƙarshen ransa."

"Ƙafarsa ce. Shi ke da ikon yafewa ko ƙi. Ni da kai ba mu da ikon ɓoye masa."

Ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta miƙe. Ta gyara ɗaurin zane. Inna ta fito daga madafa da tsintsiya a hannu, ta tsaya tana kallonsu, don ta ga fuskokinsu ba daidai ba. Rabi ba ta rage murya ba.

"Yanzu zan shiga in gaya wa Mudi da bakina, Inna ma ta zo ta ji. Gobe kuma tare za mu tafi Malumfashi. Kai ka tsaya gaban Sarkin Kasuwa ka wanke Shitu, ni zan shiga gidansa in durƙusa in ce ni ce."