Notin da Ke Ƙasan Inji

Shekarar da Baba ya rasu, dab da shigowar sanyi, Yaya Nurettin ya same ni a bakin tafkin Van, hannuna dumu-dumu da baƙin mai.

"Zozan, ke da sifana? Kai jirgin ruwan nan tashar gyara su shirya shi don sanyi, yadda na kai nawa."

"Baba bai taɓa kai shi ba."

"Ke Baba ce? To ki ji, in sanyi ya wuce injin bai tashi ba, sayar da shi za mu yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da jirgin nan nake kai baƙi tsibiri, shi ke ci da ni da 'ya'yana.

Kwana biyu ina fama. Na canza mai, na wanke cikin injin da ruwan famfo don ya kore kanwar tafki. A nan fa mutanenmu ke kwafsawa. Da yake tsakiyar tafkinmu ba ta daskarewa saboda kanwa, sai su manta ruwan famfo ba ruwansa da wannan. Baba kuwa rub da ciki yake kwantawa, ya lalubo wani ɗan noti can ƙasan inji ya kwance. Haka na yi, har fatar yatsuna ta saluɓe. Ruwan da ya maƙale ya zubo, ya kai kofin shayi biyu. Sannan na ɗura maganin hana daskarewa, na kai batir ɗaki.

Wallahi duk ranar da ƙanƙara ta sauka sai gabana ya faɗi.

Da sanyi ya wuce, Yaya ya zo da hantsi cikin farar riga, har da mai saye, don rashin ta-ido. Ya ce bari ya fara tada nasa in ga aikin masana. Injin ya yi tari, ruwa ya tsiyayo ta gefensa. Ruwan wankin da aka bari ciki ya daskare, ya tsaga ƙarfen.

Na mayar da batir, na yi bisimilla na murɗa nawa. Bugu ɗaya ya tashi, da irin gurnanin da yake yi a hannun Baba. Na yi dariya, hawaye na zuba. Mai saye ya shanye shayinsa ya kama hanya.

Yaya ya juyo ya ce, "Wai me kika yi masa?"

"Wani noti ne. Baba ya nuna maka, kana sauri."

"Ina yake?"

"Sai ka kwanta, Yaya. Rigar za ta ɓaci fa."

Ya dubi rigar, ya dube ni, ya kwanta.