Littafin Baba a Wurin Kaskon Goggo

Ranar da mayaƙan suka shiga Mubi, Baba ya tura mu gaba, ni da Inna, ya ce zai ɗaure littattafansa a buhu ya biyo mu. Malamin tarihi ne a sakandare. Ya cusa mini guda ɗaya a jaka, mai kauri, tarihin Birtaniya tun zamanin da mutanenta ke farauta da dutse har zuwa yaƙin duniya na biyu. Bai biyo mu ba. Wani maƙwabci ne ya gaya mana inda ya ga gawarsa.

Muka sauka a unguwar Limawa a Yola, gidan yayarsa, Goggo Na'inna mai ƙosai. Inna ta samu aikin wanke-wanke a wani gida cikin Jimeta, can take kwana. Ni aka bar ni wurin kasko.

Ba Turawan cikin littafin ne suka dame ni ba, jan biron Baba nake bi. Kusan kowane shafi ya yi rubutu a gefe, da Hausa, kamar mai hira da kansa. Kusa da hoton manyan duwatsun da aka kakkafa a da'ira ya rubuta, "Wa ya ciyar da masu ɗauka?" Ko hotonsa ɗaya ba mu fito da shi ba. Rubutun nan kaɗai ya rage mini.

Wata safiya Goggo ta karɓi littafin, ta murza shafi ɗaya da yatsu, ta ce takardar za ta sha mai sosai. Ta ce irin waɗannan ne suka tsayar da ƙaninta har aka kashe shi, to gara su yi amfani wurin naɗe ƙosai. Washegari na kawo mata tsofaffin jaridun da na roƙo wurin Bappayo mai shayi. Ta hura wuta da su.

Ba ita take yagewa ba. Ni take miƙa wa, in yago daga farko, bi da bi. Masu farauta da dutse suka ƙare a kwana biyu. Rumawa da katangarsu suka kai Juma'a. Nakan karanta rubutun Baba da sauri, ina haddacewa kafin mai saye ya miƙo hannu, amma in mutane suka taru ba na samu. Zamanin annoba gaba ɗaya wani mai keke napep ne ya tafi da shi, ban ga abin da Baba ya ce ba. Sarkin da mutanensa suka sare wa kai, a kwata na tsince shi, ya jiƙe.

Sai na iso babin da Turawa suka bazu a duniya. A shafi na 311 Baba ya cika gefe har ƙasa: yadda suka zo Yola ta kogi, da abin da kakansa ya gani. A ƙarshe ya rubuta, "In Naziha ta girma, in kai ta ta ga wurin." Nazihar ni ce. Na yage shi, na ninke, na soke a ɗankwalina.

Goggo ba ta yi boko ba, amma ta san lamba. Ta ga 310, ta ga 313. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce kada a zuba mini abinci sai takardar ta fito. Na yi kwana biyu a kan ruwa. Safiya ta uku ina juya ƙosai, na ciro takardar na ba ta.

Ta warware ta a tafinta, ta tsamo ƙosai uku daga mai, ta barbaɗa yaji, ta naɗe.

"Ungo, 'yar ƙanina. Karya."

Na ce, "Goggo, ki zuba mini a hannu."

"Zai ƙona ki."

Kafin in buɗe, man ya ratsa. Jan biron ya baje, sunana ya zama tabo. Na cinye duka ukun a tsaye. Ta miƙo mini littafin, ta ce in yi sauri, mutum na jira.